Kada a Tumɓuke Dogo don a Shimfiɗa wa Keke Kwalta

Daga Innichen, a arewacin Italiya, zuwa Lienz, a Ostiriya, kilomita 44 ne a kan keke, kuma kafin mutum ya isa ya gangara kimanin mita 500. Hanyar gefen kogin Drau ta bi, kusan duk tsawonta ba mota. A watan Agusta za ka ga kaka da jikokinta a jere, ga magidanci yana jan jaririnsa a ɗan amalanke, ga wanda rabonsa da sirdin keke tun yana ɗan makaranta. In sun isa Lienz ba mai shirin taka feda ya hau wannan tudu ya koma. Jirgin ƙasa ne zai kwashe su da kekunansu ya mayar da su inda suka fito.

Irin wannan hanya ce yanzu kowane kwari a gindin tsaunukan Alps yake son ya ce yana da ita. Uwarsu ita ce ta bakin kogin Danube, daga Passau a Jamus zuwa Viyana, sama da kilomita 300, wadda akasarinta aka ɗora a kan tsohuwar turbar da dawakai ke bi suna jan jiragen kaya su haura ruwa kafin zuwan jirgi mai tururi. Daga baya aka samu ta Drau, da ta kogin Etsch wanda Italiyawa ke kira Adige, da Alpe Adria da ta tashi daga Salzburg ta ƙare a Grado a bakin teku bayan kilomita 410 da ɗoriya. Sirrinsu ɗaya ne: bakin kogi ko layin dogo suke bi. Ruwa ba ya hawa tudu, jirgin ƙasa kuma ba ya son hawa mai tsanani. Injiniyoyin ƙarni na 19 sun fasa duwatsu sun kafa gadoji don kada hawan ya wuce mita biyu ko uku a cikin ɗari, mai keke na yau kuma ya zo ya gaji wahalarsu a ɓagas.

Ina son waɗannan hanyoyi, kuma kyan tsaunuka ba shi ne kan gaba a dalilaina ba. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke tirela na huci a bayansa ya san rabin hankalinsa a ƙeya yake. Ran da aka ɗauke maka wannan fargaba, sai ka ga kana hira da na kusa da kai, kana sakin yaro ya yi gaba ba tare da ka bi shi da tsawa ba. Wannan kaɗai ya isa a yaba wa waɗanda suka gina su.

Ba na kuma cikin masu yi wa keke mai batir kallon raini. A 2023 kekuna masu batir da aka sayar a Jamus sun fi na gargajiya yawa a karon farko, kuma a kan waɗannan hanyoyi abin a bayyane yake. 'Yan gani-kashe-nin keke suna cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu, wanda bai yi gumi ba bai cancanci ganin kan tudu ba. To, dattijuwa mai shekara saba'in da batir ya ba ta damar bin mijinta daga Villach zuwa Tarvisio me ta tare musu? Abin da zan yarda da shi shi ne cunkoso. Injin yana taimaka wa mai hawa har ya kai gudun kilomita 25 a awa, kuma wannan gudu a siririyar hanya mai cike da yara yana bukatar ƙararrawa da birki da ladabi. Haka nan masu talla su rage zuzutawa: hanyar da ta tashi daga Lindau zuwa tafkin Königssee, duk kyanta, da yawanta ƙananan titunan ƙauye ne da ake rabawa da motoci da taraktoci, kuma hawa da sauka ne ba ƙaƙƙautawa. Wanda ya tafi da yara yana zaton irin ta Lienz ce zai sha mamaki.

Abin da ya fi damuna wani ne daban. Tun da aka gane cewa tsohon layin dogo shi ne shimfiɗa mafi daɗi ga keke, sai wasu hukumomi suka fara kallon duk wani ƙaramin jirgin ƙauye da ke fama da ƙarancin fasinja da idon mahauci.

Dubi kwarin Ybbs a Ostiriya. Siririn layin dogo ne mai faɗin milimita 760, an gina shi a ƙarshen ƙarni na 19, ya haɗa Waidhofen da Lunz am See da ƙauyukan da ke tsakani. A ƙarshen 2010 aka tsayar da jirgin, in ban da ɗan guntun da ke cikin garin Waidhofen. Mutanen da ke son jirginsu sun yi ta kuka, amma aka cire ƙarafunan, a 2017 aka buɗe hanyar keke mai kimanin kilomita 55 a wurin. Hanya ce mai kyau, ba musu, da gadojinta da ramin da aka fasa a dutse. Masu kare matakin suna cewa jirgin ya tsufa, ba ya sauri, mutane sun koma mota, ga bas an kawo a madadinsa, ga baƙi suna zuwa suna cin abinci suna kwana. Duk gaskiya ne. Sai dai kakar keke a can daga bazara ce zuwa kaka. Da sanyi ya shigo, ƙanƙara ta sauka, baƙi sun watse, ɗan makaranta da tsohuwar da za ta je asibiti suna nan inda suke. Bas kuwa da takarda ɗaya ake rage masa zirga-zirga. Layin dogon da aka tumɓuke aka zuba wa kwalta, da wuya a sake ganin ranar da zai dawo. Mu ma mun san haka: siririn layin da ya haɗa Zariya da Jos don jigilar kuza an rufe shi a 1957, har yau shiru.

Yanzu dubi Vinschgau, kwarin da kogin Etsch ya faro a Tirol ta Kudu. Layin Meran zuwa Mals, kilomita 60, an buɗe shi a 1906, aka rufe a 1990 da irin hujjojin da aka kawo a Ybbs. Shekara goma sha biyar ciyawa na cin sa. Da a lokacin wani ya ce a mayar da shi hanyar keke, da an tafa masa. Gwamnatin lardin kuwa sai ta karɓi layin ta gyara, a 2005 jirgi ya dawo, fasinjoji kuma suka haura miliyan biyu a shekara. Hanyar keke aka yi mata nata wuri daban, a bakin kogi da cikin gonakin tuffa. Yau mutum yana iya hayar keke a wata tasha ya ajiye a wata. Ya hau jirgi zuwa Mals, in yana da ƙarfi ya ƙarasa tafkin Reschen ya ga hasumiyar cocin ƙauyen Graun da ruwan dam ya shanye a 1950, sannan ya saki birki ya gangaro har Meran. Jirgin na kawo wa hanyar mutane, hanyar na cika wa jirgin kujeru, ɗan gari kuma bai rasa komai ba. Nan kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Akwai na uku da ya faɗo tsakani, shi ne yankin da ya fi kowane suna a Alpe Adria, daga Tarvisio a gangara ta kwarin kogin Fella. Layin Pontebbana na 1879 ne aka mayar hanyar keke, amma sai bayan an gama sabon layi mai bi ta cikin duwatsu a 2000. Jirgin ƙaura ya yi, bai mutu ba, kuma tun 2012 akwai mai zirga-zirga tsakanin Villach da Udine da taragon kekuna. Wannan ban ga laifinsa ba. Duk da haka a Chiusaforte, wani gari a kan tsohon layin, jirgi ya daina tsayawa, tsohuwar tashar ta koma wurin shan kofi na masu keke. Mai wucewa yana jin daɗinta. Ɗan garin da ke son zuwa Udine sai ya nemi wata tashar.

Ko ita Alpe Adria ɗin, da ba don jirgi ba da ba ta haɗu ba. Tsakanin Böckstein da Mallnitz babu titi, dole kowa ya loda kekensa a jirgi ya ratsa ramin Tauern mai sama da kilomita 8, wanda ke aiki tun 1909. Da aka rufe ramin don gyara daga ƙarshen 2024 zuwa tsakiyar 2025, hanyar ta rabu gida biyu, sai da aka koma ɗaukar mutane a mota ana zagayawa da su.

Don haka in an ce ga sabuwar hanyar keke a kan tsohon dogo, kafin a tafa a tambaya: jirgin ƙaura ya yi, ko ya daɗe da mutuwa, ko kuwa don wannan hanyar aka ƙarasa shi? Biyun farko ina maraba da su. Na uku ciniki ne da aka yi da haƙƙin mazauna kwari don jin daɗin baƙon mako guda, ko da baƙon nan ni ne.

Mai karatu, in Allah ya nufe ka da zuwa can, ka fara da Mals zuwa Meran. Ka sani cewa tikitin keke daban yake da naka, kuma a tsakiyar kakar baƙi jirgin kan cika, don haka ka yi sammako.