Tsokaci a kan Mazaunin Bagadi a Sujadar Lutharan

Masu riƙon al'ada sukan dage cewa mazaunin bagadi shi ne bangon gabas, fasto da jama'a su fuskanci alƙibla guda. Hujjarsu na da nauyi, domin haka yawancin majami'un Lutharan suka yi shekaru aru-aru. Amma da zarar an jingina ta ga Martin Luther sai ta raunana. A tsarin sujadarsa na Jamusanci na 1526 ya fifita fasto ya fuskanci jama'a, sai dai ya ga a jira lokaci. Bagadin majami'ar Torgau da ya keɓe a 1544 kuwa tebur ne. Ashe gadon magabatan Luther ake karewa, kuma can ya kamata a kafa hujjar.