Asali a Allon Kwamfuta, Asali a Ƙasar Adar: Sharhi kan Ƙabilun Almara na Wasannin Intanet

Duk wanda ya buɗe ɗaya daga cikin manyan wasannin intanet da za mu kira wasannin shiga rigar wani, kafin a ba shi takobi ko doki, sai an yi masa tambaya guda: wace ƙabila kake so? A gabansa za a jera surori. Ga ɗan Adam, ga gajere mai gemu mai haƙar ma'adinai, ga dogo mai tsinin kunne da ake kira Elf, ga ƙato mai koriyar fata da haure da ake kira Ork. Ya zaɓi ɗaya, ya raɗa masa suna, sannan ya shiga wata duniya inda dubban mutane daga ƙasashe dabam-dabam ke yawo a lokaci guda, kowa cikin rigar da ya zaɓa. Daga wannan zaɓi ne za a san garin da za a karɓe shi da kuma garin da dogarai za su sare shi tun daga ƙofa.

Mai karatu Ba'adare zai tsaya a kan wannan tambaya, domin ba a taɓa yi wa kowa ita ba a Tawa, ko Keita, ko Illela. An haife mu ne muka tarar an riga an amsa mana. Abin da wannan sharhi ke son dubawa shi ne yadda waɗannan wasanni suke siffanta ƙyamar asali da abin da ke biyo bayanta, a auna su da ma'aunin ƙasar da ta san wannan ciwo a jikinta. Malamai da ƙungiyoyin al'adu na da ruwa a ciki, saboda ko yaron da bai taɓa shiga irin wannan wasa ba yana cin karo da surorinsa a fina-finai da wasannin salula.

Inda aka gaji ƙabilun

Tushen yawancin waɗannan ƙabilu littafi ne. Marubucin Ingila Tolkien, a cikin The Lord of the Rings da aka buga a 1954 da 1955, ya ƙago Ork a matsayin rundunar mugunta wadda jarumai ke kashewa ba tare da nadama ba. A 1974 wasan tebur na Dungeons & Dragons ya fito a Amurka, ya mai da wannan almara lissafi: kowace ƙabila da makinta na ƙarfi da na basira, wasu kuma an rubuta musu mugun hali tun daga haihuwa. Wasannin intanet sun gaji wannan tsari kusan yadda yake.

A EverQuest, wanda ya fito a 1999, kowane gari na riƙe da lissafin yadda yake kallon ɗan wasa. A 2000 aka ƙara wata ƙabila mai siffar ƙadangare, Iksar, wadda kusan duk garuruwan duniyar wasan ke kashe ɗanta da zarar an hango shi, ko da bai taɓa yi wa kowa laifi ba. A World of Warcraft na kamfanin Blizzard, wanda ya fito a 2004 kuma masu biyan kuɗin shigarsa suka kai miliyan 12 a 2010, an raba ƙabilu takwas na farko gida biyu masu gaba da juna. Har harshe aka raba: in ɗan wancan gida ya rubuta magana, ɗan wannan gida ba ya ganin komai sai haruffa marasa ma'ana.

Dole a yaba wa waɗannan wasanni a kan abu ɗaya. Sun sa ɗan wasa ya ɗanɗani abin da littafi ke iya ba da labarinsa kawai. Wanda ya zaɓi Iksar ya san yadda ake zagaye gari ta bayan ganuwa, ya san yadda mai shago ke ƙin sayar masa da abinci saboda fatarsa. Labarin Warcraft kuma bai bar Ork a matsayin dodo kawai ba: ya nuna yadda mutane suka tsare su a sansanoni bayan yaƙi, kuma babban shugabansu ya tashi a hannun ubangida, sunan da aka raɗa masa, Thrall, ma'anarsa bawa. Wannan ci gaba ne a kan abin da aka gada. Amma akwai aibi biyu da wannan yabo ba zai rufe ba.

Aibi na farko: ƙyamar da lissafi ya gaskata

A duniyar mutane, wanda ya ce ƴaƴan wani gida ba su da basira ƙarya yake yi, kuma ɗalibi ɗaya a aji ya isa ya ƙaryata shi. A duniyar wasa kuwa, in an rubuta cewa Ork ya fi kowa ƙarfi amma basirarsa ta gaza, haka abin yake, domin na'ura ce ke zartar da shi. A wani littafin Dungeons & Dragons na 2016 an rage wa Ork maki 2 na basira. Ke nan mai ƙyama a cikin wasan ba ya kuskure, dokar duniyarsa ce yake faɗa. Tatsuniyarmu ma ta san kura mai kwaɗayi wadda ba ta taɓa shiryuwa, sai dai kura dabba ce, ba a ara mata al'adar kowa ba. A Warcraft kuwa an ba ƙabilar Troll karin harshen mutanen Jamaika, an ba Tauren tanti da ado irin na ƴan asalin Amurka. Idan aka ɗora wa dodo muryar mutane na gaske, hukuncin da aka yanke wa dodon ba ya tsayawa a kansa.

Masu wasan da kansu sun amsa wannan suka. A 2020 kamfanin Wizards of the Coast, mai Dungeons & Dragons, ya bayyana cewa yadda aka siffanta Ork da baƙaƙen Elf ya yi kama da yadda aka ci zarafin al'ummomi na gaske, ya kuma cire ragin basirar. A 2022 ya nemi gafara kan wata ƙabila mai siffar birai da aka ba labarin bauta, sannan ya sanar da barin kalmar da ke nufin launin fata wajen kiran waɗannan halittu. Gyara ne mai kyau, ko da ya zo bayan shekara fiye da arba'in.

Aibi na biyu: tabon da ke wankuwa

Aibi na biyu ya fi na farko ɓuya. Ƙyama a waɗannan wasanni maki ce, maki kuwa ana iya tara shi. Ɗan Iksar da ya daure ya yi ta kashe maƙiyan wani gari ko yi wa mutanensa aike, a hankali lissafinsa zai hau har dogaran da ke sararsa su buɗe masa ƙofa. Wanda ba shi da haƙurin haka sai ya ƙirƙiri sabon gwarzo na wata ƙabila. Tun 2009 Blizzard ta fara karɓar kuɗi don a canza wa gwarzo ƙabila ko gida baki ɗaya. A 2022 ta bar ƴan gidajen biyu su shiga yaƙi tare, a 2023 kuma su zauna a ƙungiya ɗaya. Gabar da aka ce ta jini ce ta sassauta a ranar da ta fara hana abokai yin wasa tare.

Akwai wasan da ya ɗauki asara da gaske, wato EVE Online na kamfanin CCP a ƙasar Aisland, wanda ya fito a 2003. A can jirgin da aka farfasa ya tafi ke nan. A watan Janairu na 2014 an yi wani gumurzu na kimanin sa'a 21 inda aka lalata manyan jirage 75, asarar da aka ƙiyasta ta kai wajen dalar Amurka 300,000. Labarin wasan kuma ya ginu a kan bauta: daular Amarr ta bautar da al'ummar Minmatar da sunan addini, har suka yi tawaye. Sai dai abin da ke dawwama a EVE dukiya ce da sunan da ɗan wasa ya yi wa kansa. Wanda ya zaɓi jinin bayi ba ya rasa aboki ko muƙami saboda haka. Bautar ado ce a bangon labari.

Abin da Adar ta sani

Mu dawo gida. Marigayi Djibo Hamani, wanda jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa, ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa a 1975, tun daga Azna na farko, har da zuwan Agabba ɗan sarkin Agadas a ƙarshen ƙarni na 17. A ƙarni na 19 arewacin Adar ya kasance ƙarƙashin ikon manyan Abzinawa, cikin tsarin da ya raba mutane hawa-hawa: masu takobi, malamai, talakawa, maƙera, bayi. Faransa ta haramta cinikin bayi a yankin da dokar 1905. Amma masaniyar tarihi Benedetta Rossi, wadda ta yi bincike mai tsawo a yankin Keita kuma ta buga littafinta a 2015, ta nuna cewa fita daga wannan matsayi ta ɗauki zuriya bayan zuriya. Mutum ya bar ƙauyensu, ya tafi cin rani, ya koma magana da Hausa, ya zauna inda ba a san kakansa ba, jikokinsa su tashi Hausawa. Wannan shi ne canjin ƙabila na gaske, kuma kuɗinsa rabuwa da harshe da dangi da ƙasa. Duk da haka, ranar neman aure, in an tura bincike, tsohon suna na iya tasowa.

Shekara kusan ɗari bayan dokar Faransa, sai da Nijar ta sake sanya bauta cikin manyan laifuffuka a 2003, da hukuncin ɗaurin shekara 10 zuwa 30, bayan gwagwarmayar ƙungiyoyi irin su Timidria da aka kafa a 1991. Shari'ar Hadijatou Mani, daga yankin Ƙonni a jihar Tawa, ta nuna dalili. An sayar da ita a 1996 tana da shekara 12, a kan jika 240, ta zama wahaya. An ba ta takardar ƴanci a 2005, amma da ta auri wanda take so sai aka yanke mata hukuncin yin aure kan aure. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO ta sami gwamnatin Nijar da laifin rashin kare ta, ta umarci a biya ta miliyan 10 na sefa. Takarda ta ƴanta ta, amma sai da ta ƙara shekara uku tana shari'a kafin ƴancin ya tabbata.

Idan aka ajiye wannan kusa da allon kwamfuta, za a ga wasannin sun juya al'amarin. A cikinsu bambancin asali gaskiya ne, sakamakonsa kuma na ɗan lokaci. A Adar bambancin ƙage ne da mutane suka shirya don moriyarsu, sakamakonsa kuwa ya bi jikoki.

Wasan da muke da shi

Ba a ce kada a yi wasa da ƙabila ba. Mu ma muna yi, kuma namu ya girmi intanet. Barkwancin taubasai tsakanin Fulani da Barebari, ko Fulani da Arawa, ko Gobirawa da Zabarmawa, wanda UNESCO ta sanya cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014, shiga riga ne shi ma: kowa ya hau matsayin ubangida, ya kira abokinsa bawansa, a yi dariya. Amma yana da sharuɗɗan da wasannin intanet ba su da su. Kowane ɓangare na da bakin ramawa, fushi haramun ne, kuma a ƙarƙashin zagin akwai alkawarin taimako. Yana da iyaka kuma, wadda ya kamata mu faɗa wa kanmu: kalmar da ke sa dariya tsakanin Bafillace da Babarbare wuƙa ce idan aka jefe ta ga wanda aka taɓa sayen kakarsa. Wanzami ba ya son jarfa.

Saboda haka malamin da ɗalibansa suka kawo masa labarin Ork da Elf kada ya kore su. Ya tambaye su abu uku. Wa ya rubuta cewa wannan ƙabila muguwa ce, kuma wa ya amfana? Wanda aka ƙi a ƙofar gari, me ya rasa wanda ba zai dawo ba? In ba a iya canza riga, yaya wasan zai kasance? Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo kuma na iya gwada abin a dandali: a raba matsayi ta hanyar ƙuri'a, a hana kowa zaɓe, a bar hukuncin fitowa ta farko ya bi ƴaƴa har fitowa ta uku, sannan a zauna a tattauna da ƴan kallo.

Kamfanonin Amurka da Turai sun koyi cire ragin basira daga kan Ork. Har yanzu manyan wasanninsu ba su nuna yadda ƙyamar da ba ta da tushe take rayuwa bayan an soke dokar da ta haife ta ba. Matasan Tawa da ke koyon aikin kwamfuta sun tashi a ƙasar da ta san wannan labari daga farko har inda ya kai yau, kuma in suka tashi ƙago nasu wasan, daga nan ya kamata su fara.