Horo ya ƙare, gulma ba ta ƙare ba

A majami'unmu na Hausa a nan Sabo, in yarinya ta yi ciki ba aure, dattawa kan sa ta a horo: zaman bencin baya, ba cin Jibin Ubangiji. Ba mu ce a daina horo ba. Amma ko ta tuba an maido ta, bakinmu ba ya barinta, saurayin kuwa yana cikin mawaƙa abinsa. Haba jama'a! A 2 Korintiyawa sura 2, Manzo Bulus ya ce wanda aka hora a gafarta masa, a kuma ta'azantar da shi. Nan fa baƙi muke, dangi na Arewa. In mun juya mata baya, wa gare ta? Ran da aka maido ta, mu matsa mata wuri kusa da mu.