Digiri Na Biyu A Harsunan Silaf: Sharuɗɗan Da Kasuwa Ke Son A Sauke

Duk wanda ya leƙa kasuwar baje koli ta Canton, wadda ake ci sau biyu a shekara a nan Guangzhou tun 1957, ya san tafintan Rashanci ba ya kwana da yunwa. A 2023 cinikin da ke tsakanin Sin da Rasha ya kai kimanin dala biliyan 240. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ji ɗalibai suna tambaya: me ya sa za a wahalar da mai neman digiri na biyu a wannan fanni da tsohon harshen coci da nahawun ƙarni na tara, alhali abin da ɗan kasuwa yake so shi ne a fassara masa takardar kwantiragi? Tambayar tana da ƙarfi, amma a ganina amsar da take nema kuskure ce, kuma kuskuren ya shafe mu Hausawa.

Da farko dai, su wane ne Silaf? Su ne mutanen da Larabawan da suke kira Saƙaliba. Harsunansu sun kasu gida uku: na gabas akwai Rashanci da harshen Yukren da na Belarus, na yamma akwai na Folan da Cek da Sulobakiya, na kudu kuma akwai na Sabiya da Kuroshiya da Bulgeriya da sauransu. A jami'o'i da dama na Turai da Amurka, sharuɗɗan digiri na biyu a fannin sukan tsaya a kan duwatsun murhu uku. Na ɗaya, ɗalibi ya ƙware a babban harshensa, galibi Rashanci, ya kuma ci jarrabawa a kan jerin littattafan adabi. Na biyu, ya koyi wani harshen Silaf ɗin na daban. Na uku, musamman ga mai nazarin kimiyyar harshe, ya karanci tsohon harshen coci, wato wanda Kiril da Metodiyus suka fara fassara littattafan addini da shi bayan an tura su Morabiya a shekarar 863. Wasu wuraren sukan ƙara da iya karanta Jamusanci ko Faransanci, domin da su aka rubuta yawancin tsofaffin bincike.

Tsarin ƙasar Sin ya bi wata hanya. A rabe-raben fannonin digiri na nan, "harshe da adabin Rashanci" fanni ne mai zaman kansa, su kuwa harsunan Folan da Cek da Sabiya an tura su ƙarƙashin "harsuna da adabin Turai". Wannan yana da tarihi. A shekarun 1950 Rashanci ne harshen waje na farko a makarantun Sin, lokacin da ƙwararrun Tarayyar Sobiyet suke gina masana'antu a ƙasar, kafin a janye su a 1960. An koyi harshen ne don aiki, ba don a san danginsa ba. A jarrabawar shiga digiri na biyu, ɗan ƙasa yakan rubuta takardar siyasa da ta harshen waje na biyu, kuma wannan harshe na biyu yawanci Ingilishi ne ko Japananci ko Faransanci ko Jamusanci. A 2007 kuma aka ƙirƙiro digiri na biyu na fassara zalla, Jami'ar Koyon Harsunan Waje ta Guangdong tana cikin jami'o'i 15 na farko da aka ba izinin bayar da shi.

Ba na raina wannan tsari. Yana fitar da tafintoci na gani na faɗa, kuma tafinta sana'a ce mai daraja. Inda nake da ja shi ne raba Rashanci da 'yan uwansa a digirin bincike. Mai harshe ɗaya a cikin dangi ba zai iya bambance abin da harshen ya gada da abin da ya aro ba. Ga misali: Rashanci yana da kalmomi tagwaye, irin su gorod da grad, duka ma'anarsu birni. Ta farko 'yar gida ce, ta biyu daga harshen coci ta shigo, ita ce a sunan Leningrad da Volgograd. Marubuci yakan zaɓi ɗaya ya bar ɗaya don ya ɗaga murya ko ya sauke ta, kamar yadda mawaƙin Bahaushe yake zaɓar kalmar Larabci idan yana son wa'azinsa ya yi nauyi. Wanda bai san tushen ba zai fassara Pushkin daidai ta fuskar ma'ana, amma gishirin ya zube a hanya. Sharaɗin harshe na biyu yana da wani amfanin kuma: yana hana a ɗauka cewa Silaf duka Rasha ce, abin da masana fannin suka dawo suna muhawara a kansa tun yaƙin Yukren na 2022.

Yanzu mu juya madubin. Hausa tana cikin dangin harsunan Cadi, waɗanda sun kai kimanin 150, irin su Bolanci da Ngizim da Bade da Angas, ga kuma Gwandara da ta fi kowa kusa da ita. Tsohon rubutunmu kuwa Ajami ne. Silaf ɗin nan da muke magana sun riga mu gane wannan. Dmitri Olderogge na Leningrad ya fitar da ƙamusun Hausa da Rashanci a 1963, shi kuma Stanisław Piłaszewicz na Jami'ar Warsaw ya zauna ya karanta rubuce-rubucen Ajami na Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya rayu a Kete-Krachi ta Gana, ya fassara su ya buga.

Shawarata ga sassan harsunan Nijeriya na Kano da Zariya da Sakkwato ita ce, duk mai neman digiri na biyu a Hausa a ɗora masa duwatsun murhun nan uku a matsayin wajibi: ƙwarewa a adabin, da harshen Cadi guda ɗaya ko da na karatu ne kawai, da iya warware tsohon rubutun Ajami ba tare da an juya masa shi zuwa boko ba. Fillanci da Barbarci maƙwabta ne masu amfani, amma ba dangin Hausa ba ne, don haka ba za su maye wannan gurbi ba. Za a ce nauyin ya yi yawa, malamai sun yi kaɗan. Gaskiya ne. Sai dai harsunan Bauchi da Yobe da Filato suna bakin ƙofarmu, kuɗin mota kawai ke tsakani, ga shi wasunsu suna ɓacewa, kuma Hausa ce take haɗiye su. In ba mu yi ba, wani daga Warsaw ko Beijing zai zo ya yi, mu kuma mu sayi littafin da dala. Allah Ya sa mu farga.