Malamai biyu a cikin faifan FC

Duk gidan da ke da samari a Madain Fahad an san ihun: "An ci ni!" sai kuma a sake kunnawa. Iyaye na cewa ɓata lokaci ne. Ni dai ina ganin wasan ƙwallon nan na kamfanin EA, wanda aka sani da FIFA kafin ya koma FC a 2023, ya cancanci a dube shi da idon basira, don malamai biyu ne a cikinsa, ɗaya na kirki, ɗaya ɗan damfara.

Na kirkin yana ɓangaren da ake kira Rivals. Yaro zai fara daga rukuni na 10, yana hawa har na 1, kuma galibi da tsaransa ake haɗa shi. Nan dabarar take. Da za a haɗa shi da gwani tun ranar farko, da ya ajiye wasan. Da kullum shi ke ci, da ya gundura. Sai aka bar shi a tsakiya, inda nasara take kusa amma sai ya yi gumi. Kuskurensa kuma nan take yake ganinsa: ya fito da ɗan baya ba lokacinsa ba, an zura masa. Ba bulala, ba dariyar dangi, wasa bai kai minti 20 ba, ga wata dama. (Ina ma haka muke yi wa yaran da aka haifa a nan idan sun karya Hausa, maimakon mu fashe musu da dariya har su koma Larabci.) Kuma yaran Jidda sun san hanyar tana kaiwa wani wuri, tunda Musa'ad Aldossary, ɗan ƙasar nan, ya ci kofin duniya na wasan a Landan a 2018.

Ɗan damfarar kuwa yana cikin Ultimate Team, wanda aka shigo da shi a 2009. A nan ana sayar da ƙunshin katunan 'yan wasa a rufe, ba ka san wa ke ciki ba sai ka buɗe, ga haske ga kiɗa kamar an yi maka albishir. Matsalata da shi ba kuɗin kawai ba ce. Yana lalata darasin malami na farko. Yaron da aka ci ya kamata ya tambayi kansa ina ya kuskure, sai wasan ya raɗa masa cewa laifin ɗan gabansa ne mai nauyin ƙafa, maganin kuma riyal ne. Beljiyam ta ɗauki irin wannan ƙunshi a matsayin caca a 2018, har EA ta daina sayar da makin sayensa a can a farkon 2019.

Kuma da faifan sabuwar shekara ya fito, ƙungiyar da yaro ya tara ba ta binsa, sai ya fara daga tushe. Abin da ya koya wa yatsunsa ne kaɗai ke ƙetarewa tare da shi, shi kuwa kamfanin bai taɓa tallata wannan da kiɗa ba.