Jibiya Ba Ta Cikin Jadawalin

Na shafe makonni ina bin kundayen digiri da ɗaliban aikin jarida suka rubuta a kan rufe iyakar Najeriya da Nijar, na tarar kusan dukkansu hanya ɗaya suka bi. Mai bincike zai zaɓi jaridun Turanci biyu ko uku, galibi na Legas, ya ƙirga sau nawa aka ambaci iyaka, ya kasa labaran gida uku: na yabo, na suka, da na tsaka-tsaki. Sai jadawali, sai kammalawa. Aikin yana da tsari, ban musa ba, amma na nemi Jibiya a cikinsa ban same ta ba.

Alhali kuwa garin ya ɗanɗana rufewar har sau biyu. An garƙame iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai ya sa aka sake rufe ta, har zuwa Maris ɗin 2024. Direban da motarsa ta maƙale a Magama bai jira jaridar Legas ba. Da asuba yana sauraren BBC Hausa, da rana ya murɗa zuwa tashoshin Maraɗi, da dare kuma ɗan'uwansa na Ɗan Isa ya turo masa saƙon murya ta WhatsApp a kan farashin gero da canjin sefa. Daga nan yake auna wanda ya faɗi gaskiya. Ƙirgen kanun labarai ba ya kama ko ɗaya daga cikin waɗannan, domin ya ɗauka labari abin karantawa ne, kuma yana tsayawa inda taswira ta tsaya.

Ba wai babu abin koyi ba. Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008, ya zauna a Kano ya duba yadda rediyo da sinima suka shiga rayuwar mutane. Zaman shi ne ya yi ƙaranci a kundayen nan, kuma na san matsalar tsaro a hanyar Katsina zuwa Jibiya uzuri ne mai nauyi.

Duk da haka, lokacin da sojojin Nijar suka dakatar da RFI a Agustan 2023, da BBC a Disamban 2024, ina Bamaraɗe ya karkata kunnensa? Tashoshin Katsina, ko gajeren zango, ko wayar Bajibiye? A kundayen da na karanta, babu wanda ya yi wannan tambaya.