Lissafi da hukunci a shafi guda: nazari kan kalandar Panchang ta Indiya

Wanda ya saba kallon finafinan Indiya ya san wannan fage: iyayen ango da na amarya sun zauna gaban malamin addinin Hindu, shi kuwa ya buɗe wani ɗan littafi kafin ya tsai da ranar aure da sa'arsa. Littafin nan shi ne Panchang, ma'ana "gaɓoɓi biyar", domin abubuwa biyar yake bayyanawa game da kowace rana.

Wani sashe nasa ilimin falaki ne tsantsa, kuma ya cancanci yabo. Ranar wata, wadda suke kira tithi, tana cika ne duk lokacin da tazarar wata da rana ta ƙaru da digiri 12, saboda haka takan ƙare da tsakar rana ko cikin dare. Sun kasa hanyar wata gida 27 (malaman hisabi na ƙasarmu 28 suke ƙirgawa, bisa manzilolin Larabawa). Duk wannan ana iya auna shi, in an yi kuskure sama za ta tona.

Inda nake da ja shi ne Rahu Kalam, lokacin da ake cewa kada a fara tafiya, ko ciniki, ko wani sabon al'amari. Ana raba yini kashi 8, kowane wajen minti 90, a ware kashi ɗaya a ce na nahisa ne. In rana ta fito ƙarfe 6, na Litinin yakan kama daga 7:30 zuwa 9, na Lahadi daga 4:30 zuwa 6 na marece. To, a falaki Rahu mahaɗar hanyar wata da ta rana ce, inda husufi ke faruwa, kuma sai ta yi fiye da shekara 18 kafin ta kewaya sama sau ɗaya. Ta yaya abin da ke tafiyar hawainiya haka zai riƙa sauya sa'a kowace rana, ya komo daidai bayan kwana 7? Jerin ranakun mako kawai ake bi, ba matsayin Rahu ba. Amma da yake an buga shi da awa da minti, gefe da gefe da fitowar rana, sai hukuncin ya ari kwarjinin lissafin.

A 1952 gwamnatin Indiya ta naɗa kwamitin gyara ƙarƙashin masanin kimiyya Meghnad Saha, wanda ya tarar da kalanda wajen 30 suna aiki a ƙasar. Kalandar ƙasa ta fara aiki ran 22 ga Maris 1957. Ta daidaita ƙirgar kwanaki a takardun hukuma, amma ba ta shiga gidaje sosai ba. Wadda ta shiga ita ce irin Kalnirnay, da aka fara bugawa a Bombay a 1973: kwanan watan Turawa da manyan lambobi, bukukuwa da ranakun sa'a a jikinsu, bayan shafin kuma girke-girke, a rataye ta a bangon madafa.